Me ya sa ƙauyen Ailan ɗaya yake da coci biyu?

Wani mai karatu ya tambaya: a tarihin ƙauyukan Ailan, me ya sa ake ganin coci biyu a gunduma ɗaya, ga kuma rigima kan ushiri, alhali duk Kiristoci ne? Madalla da wannan tambaya. Bari mu ɗauki Graiguenamanagh, da ke bakin kogin Barrow a yankin Kilkenny.

Gundumar coci ita ce yankin da limami ɗaya yake kula da shi, kuma a zamanin da, da ita hukuma take lissafin gonaki da haraji. Akasarin mazaunanta 'yan Katolika ne, amma a lokacin cocin da gwamnatin Ingila ta amince da shi na Furotesta ne, shi ya sa kowane ɓangare yake da cocinsa. Gonakin ma ba na manoma ba ne. Zuwa 1703, abin da ya rage a hannun 'yan Katolika bai wuce kashi 14 cikin 100 na ƙasar ba, mafi yawansu haya suke biya.

Da yawa suna ɗauka ushirin, wato kashi ɗaya cikin goma na amfanin gona, sadaka ce da mutum yake kai wa cocinsa don raɗin kansa. Ba haka ba ne. A wancan zamani dole ce ta doka, kuma limamin Furotesta ake kai wa, wanda manomin bai taɓa zama a cocinsa ba. Bayan ya biya mai gona, ya biya wannan, sai kuma ya ciyar da nasa fada, wato limamin Katolika. Ni dai ina ganin zaluncin a fili yake. A Maris 1831 aka tura dakaru 120 Graiguenamanagh su kwashe shanun fada Martin Doyle a madadin ushirin da jama'a suka ƙi biya, daga nan tarzoma ta bazu. A 1838 aka rage kuɗin da kwata, aka ɗora shi kan masu gonaki, sannan dokar 1869 ta raba cocin Furotesta da gwamnati.

Makarantu ma haka. Dokar 1695 ta hana ɗan Katolika koyarwa, sai malamai suka riƙa karantarwa a ɓoye, har aka kira wuraren makarantun gindin shinge. Kada a zaci kullum a fili ake zama: yawanci bukka ce ko rumbu. Iyaye suna biyan 'yan kwabbai, yaro kuma ya zo rungume da curin busasshen taɓon fadama, wanda suke ƙonawa maimakon itace, don a ɗumama ɗakin. Ana koyon karatu, rubutu da lissafi, wani wurin har da Latin. A 1824 irinsu sun kai wajen 9,000, kafin makarantun gwamnati da aka kafa a 1831 su maye gurbinsu sannu a hankali.