Kwalbar gwajin mura ba kayan tireda ba ce

Cikin hunturun da ya wuce aka kawo mana wata yarinya a amalanke daga wani ƙauye da ke arewacin Gure. Jiki zafi rau, tari har numfashi na sarƙewa. Muka yi gwajin palu, babu. Ina cikin rubuta takarda sai kakarta ta ce, "Ɗana, mu kam bana abin ya haɗe mana, kajin gidan ma duk sun ƙare."

Gabana ya faɗi. Duk wanda ya daɗe a aikin labo a jihar Damagaram bai manta da Fabrairun 2006 ba, lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye H5N1 a Magarya, jim kaɗan bayan ɓullarta a jihar Kaduna. Na ce, "Inna, a bar ta nan, za mu ɗauki majina."

Na buɗe kwalin kayan gwajin da aka kawo mana, sai na ga abin takaici. Tsinkayen duk na icce ne da auduga a kai, irin na wanke ciwo. Kwalaben ruwan ajiya kuwa, masu launin ja-ja, sun koma rawaya, wasu sun gurɓace. Da na bincika, ashe a saman mota kwalin ya zo, ƙarƙashin tampol, ya kuma kwana a tasha. Na kira ɗan kwangilar. Ya ce, "Haba Malam, auduga ai auduga ce." Mutumin da aka ba kuɗin kayan PCR ke nan! Bai san icce da auduga suna iya hana gwajin tashi ba, bai kuma damu ya sani ba.

Da ƙyar na tono ragowar tsofaffin kaya da wa'adinsu bai cika ba, na ɗauka. Amma an riga an makara. Yarinyar ta yi mako guda tana shan allurar wani mai yawo da magani a babur, wai taifot ce, alhali ƙwayar mura a kwana 3 zuwa 4 na farko ta fi kamuwa a gwaji. Na nemi ƙanƙarar gilasiya, rabinta na cikin kular ruwan shan wani. Wanda muka ba saƙon kuma, da ya isa Damagaram dare ya yi, sai ya jefa kwalbar a firizar wani mai shago, shi a ganinsa taimako ya yi. Wuta ta ɗauke, ta narke, ta sake daskarewa.

Daga Gure zuwa CERMES a Yamai, inda ake tantance mura a ƙasar nan tun 2009, ya haura kilomita 1,000. Abin da ya isa can bai gwadu ba. Kafin amsar ta dawo yarinyar ta rasu, Allah ya jiƙanta. Har yau babu mai iya cewa murar mutane ce, ta kaji ce, ko wani ciwon huhu daban. Ƙannenta na nan cikin gidan.

Ga ƙa'idar: samfur tsakanin digiri 2 zuwa 8, awa 72 iyaka. Abin da ya wuce haka sai -70, kuma firizar shago ba ta kai can. Tsinke na roba, kansa dakaron ko nailan. Ruwan da ya sauya launi a zubar, kada a ce a lallaɓa. Ƙunshi uku, suna a jikin kwalba da takarda.

Masu kwangila, in ba ku da hanyar sanyi, ku bar kayan labo, ku je ku yi ta siminti. Kada a sake ɗora mana kwali a saman mota. Na ce kada a sake. Mu ma'aikata kuma, in gwajin gaggawa na mura ya nuna babu, ba shi ke nan ba, yana yawan kuskurewa. Ƙanƙarar gilasiya kuma ba ta ruwan sha ba ce, ko azumi ake.

Iyaye, zazzaɓi da tari ga yaro, ga kaji na mutuwa a gida: ku zo a ranar, ku faɗi maganar kajin tun daga bakin ƙofa, kuma mushen a binne shi, masu ciwon kada a yanka a ci.