Bashin NELFUND da digirin fiziks: a buga lissafi tukuna

Na daɗe ina koyar da fiziks a jami'a, kuma ni ke kula da 'yan aji ɗaya a sashenmu. Da can tambayar da ake kawo mini ofis ita ce, "Malam, yaya zan yi in koma likitanci?" domin da yawansu likitanci ko injiniya suka nema a JAMB, aka cillo su wurinmu. Tun da aka buɗe shafin rancen karatu na NELFUND a watan Mayun 2024, tambayar ta koma, "Malam, in ci bashin nan?"

Iyaye kuwa abu ɗaya suke fara tambaya: akwai ruwa a ciki? Babu. Kuɗin makaranta asusun jami'a ake tura shi kai tsaye, ɗalibi kuma idan ya nema, ana ba shi naira 20,000 a wata na ɗawainiya. Ba a fara biya sai shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, sannan a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi. A ƙasar da naira ke zubewa kullum, rancen da ba ya haihuwa ba abin gudu ba ne, abin da za ka mayar bai kai darajar abin da ka karɓa ba.

Duk da haka nakan miƙa wa yaro takarda da biro. Mu ƙaddara kuɗin makarantarka 100,000 ne a shekara, shekara huɗu 400,000 ke nan. Idan ka karɓi na ɗawainiya kowane wata har ka gama, an ƙara 960,000. Jimla 1,360,000. Ka lura, kuɗin aljihun ya ninka na karatun fiye da sau biyu, shi ne kuma wanda ake ci ba a ji ba, a data da indomi. To, idan albashinka mafi ƙarancin albashi ne, wato 70,000 da aka amince da shi a 2024, za a cire 7,000 a wata, ka shekara 16 kana biya. Idan 200,000 kake ɗauka, ba ka cika shekara shida ba ka gama. Bashin ɗaya ne, abin da ke hannunka ranar da ka fita shi ya raba.

A nan ne nake faɗa musu abin da ba su son ji. Kwalin fiziks shi kaɗai, inda ya fi kai mutum shi ne aji. Koyarwa ba abin raini ba ce, ita nake ci, amma tsofaffin ɗalibaina da ke makarantun kuɗi na unguwa suna gaya mini albashin da bai kai 70,000 ɗin ba, dokar mafi ƙarancin albashin ma ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Guraben da ake kwaɗayi suna nan: cibiyar binciken makamashi ta CERT a Zariya, hukumar hasashen yanayi NiMet, hukumar kula da nukiliya NNRA, da sassan gashin cutar kansa a manyan asibitoci. Sai dai kujerun kaɗan ne, wasu kuma sai da digiri na biyu, wanda shi ma kuɗi ne da shekaru.

Waɗanda na ga sun tsaya da ƙafarsu da wuri, sun haɗa karatun da sana'ar da ta fito daga cikinsa. Mai fahimtar lantarki da ya yi SIWES ɗinsa, wato horon aiki na ɗalibai, a wurin masu haɗa sola, ya iya lissafin batir da inbata, ba ya zaman jiran takardar ɗaukar aiki. Haka wanda ya koyi auna ƙasa don gano inda ruwa yake kafin a haƙa rijiyar burtsatse, ko wanda ya mayar da lissafinmu kan kwamfuta ya koyi Python da sarrafa alƙaluma. Abin takaici, da yawa SIWES ɗin a gida suke yin sa, a kai littafi a buga masa hatimi.

Kwanan baya wani dattijo manomi ya zo da ɗansa, yana cewa shi bai taɓa kwana da bashin kowa ba, ba zai fara a kan boko ba. Na ce, "Baba, ran nawa buhunan masararka za su kai ku?" Ya yi shiru yana ƙirga da yatsu. Muka tsaya a kan yaron ya karɓi na makaranta kawai, tunda duk shekara ake sabunta nema, abinci kuma ya riƙa zuwa daga gida. Ranar Asabar yaron yana zuwa shagon wani mai sola a bakin kasuwa, ya fara da riƙe tsani.