Jigon Yunwa da Rashin Kulawar Iyaye a Littafin Al-Khubz al-Hafi na Muhammad Shukri

Gabatarwa

Tarihin rayuwa wani reshe ne na rubutun zube inda marubuci yake ba da labarin kansa. Galibin masu irin wannan rubutu sukan suturta gidajensu saboda kunya. Muhammad Shukri, marubucin ƙasar Maroko, ya kauce wa wannan al'ada a littafinsa, wanda ma'anar sunansa ita ce gayan gurasa.

Marubucin

An haifi Shukri a 1935 a yankin duwatsun Rif. Fari ya kori iyayensa zuwa Tanja yana ƙarami. Bai iya karatu ba sai da ya kai shekara 20, daga bisani ya zama malamin makaranta. Littafin ya fara fita cikin Ingilishi a 1973, Paul Bowles ne ya fassara, sa'an nan cikin Faransanci a 1980. Na Larabcin ya fito a 1982, aka kuwa hana shi a Maroko har 2000. Ya rasu a 2003.

Jigo

Babban jigon littafin shi ne yunwa, amma yunwar iri biyu ce: ta ciki da ta kulawar mahaifi. Tun daga farko mai karatu yakan tarar da yaron yana tonon juji don neman abin kaiwa baka. Wata rana ya tsinci matacciyar kaza ya kai gida da murna, uwarsa ta ƙi ta domin mushe ce. Uban kuwa mashayi ne mai saurin hannu, matarsa ce ke ciyar da gida da sayar da kayan lambu a kasuwa. Abin ya kai maƙura sa'ad da ya murɗe wuyan ƙanen Shukri, Abdulƙadir, marar lafiya, a gaban idonsa. Bayan wannan gida ya fi titi ban tsoro, titi kuma ya koya wa yaron sata da shaye-shaye.

Salo

Jimlolin littafin gajeru ne, ba ado, tamkar gurasar da ke cikin sunansa. Marubucin bai tsaya wa'azi ba, bai kuma wanke kansa ba, domin yadda ya faɗi aibin ubansa haka ya faɗi nasa. Wannan shi ya raba littafin da zagin iyaye, ya mai da shi shaida.

Kammalawa

Mai suka na iya cewa Shukri ya tona asirin gida. Sai dai labarin ya ƙare ne a maƙabarta, inda ya je ziyarar ƙanensa ya kasa tantance kabarinsa. Da an bi kunya an yi shiru, da sunan Abdulƙadir ya ɓace kamar yadda kabarinsa ya ɓace.