Darasin Wannan Wata: Yadda Ake Kai Koke Ga Hukuma A Rubuce

 

A wannan wata za mu duba hanyar da talaka zai bi ya isar da kukansa ga gwamnati. Sau da yawa abu yakan lalace a ƙauye. Mutane su yi ta magana a kansa a dandali, da bakin kasuwa, da gindin bishiya. Shekara ta zagayo, abin yana nan yadda yake. Dalili kuwa shi ne, maganar ba ta fita daga ƙauyen ba. Ba ta shiga ofishin da ke da alhakin gyara ba. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To, amma idan bai faɗa wa mai gyara ba, cikin ruwa zai kwana.

Bari mu ɗauki misali. A ce akwai wani ƙauye mai hanya guda ɗaya tak zuwa kasuwa da asibiti. Ruwan damina ya cinye kwalbatin hanyar. Mota ba ta shiga, amalanke ba ya wucewa. Masu sayen amfanin gona sun daina zuwa. Idan naƙuda ta kama mace da dare, sai an ɗauke ta an ƙetare rafi da ita. Me ya kamata mutanen wannan ƙauye su yi? Abin da darasinmu zai koya mana ke nan.

Koke hakkinku ne

Wasu suna jin tsoron kai kuka ga hukuma. Suna ganin kamar rashin kunya ne, ko neman rigima. Ba haka ba ne. Tsarin Mulkin Nijeriya na shekarar 1999, a sashe na 14, ya nuna cewa mulki na jama'a ne, kuma daga wurinsu gwamnati take samun ikonta. Ya nuna cewa babban aikin gwamnati shi ne tsaron jama'a da jin daɗinsu. Ya kuma ce dole a bai wa jama'a damar sa baki a cikin harkar mulkinsu. Saboda haka wanda ya kai koke cikin ladabi bai yi laifi ba. Hakkinsa ya nema.

Ku san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa

Gwamnati a Nijeriya hawa uku ce. Akwai gwamnatin tarayya a Abuja. Akwai gwamnatocin jihohi 36. Sannan akwai ƙananan hukumomi 774. Jihar Kano tana da 44, Katsina 34, Jigawa 27, Sakkwato 23, Zamfara 14. Tun gyaran da aka yi a shekarar 1976 ƙaramar hukuma ta zama hawa na uku na mulki. Ita ce ta fi kusa da mutumin karkara.

Tsarin Mulki ya jera ayyukan ƙaramar hukuma. Ga wasu daga cikinsu:

1. Gina ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, da kula da su.
2. Kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da mahauta, da maƙabartu.
3. Kwashe shara.
4. Rajistar haihuwa, da mutuwa, da aure.
5. Haɗa hannu da gwamnatin jiha wajen ilimin firamare, da ilimin manya, da aikin gona, da kiwon lafiya.

Ke nan maganar kwalbatin ƙauyen nan, ƙaramar hukuma ce ƙofar farko. Idan kuwa babban titi ne da ya haɗa gari da gari, to sai a nufi jiha ko tarayya. Kowace mazaɓa tana da kansila. Shi ne wakilinku a majalisar ƙaramar hukuma. Ku san sunansa, ku san gidansa. Haka kuma kuna da ɗan majalisar jiha. A Abuja ma akwai sanatoci 109 da 'yan Majalisar Wakilai 360, kuma kowane yanki yana da nasa. Majalisun nan biyu suna da kwamitin da ke duba koke-koken jama'a, kuma ta hannun wakilinku ake shigar da koke a can.

Wani abin lura kuma: ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu na kuɗin tarayya kai tsaye. Wannan ya ƙara wa jama'a hujjar tambayar ciyaman ɗinsu abin da aka yi da kuɗin yankinsu.

Me ya sa sai a rubuce?

Maganar baki takan bi iska. Wanda aka faɗa wa yana iya mantawa. Yana iya cewa bai ji ba. Ana iya yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ya ce bai san zancen ba. Takarda kuwa tana da kwanan wata. Ana sa ta a fayil. Ana iya nuna ta bayan shekara guda, ko biyu. Ofisoshin gwamnati da takarda suke aiki. Abin da ba a rubuta ba, a wurinsu kamar bai faru ba ne.

A da, sai mutum ya je wurin mai rubuta wasiƙa ya biya kuɗi. Yanzu da yawanku kun iya riƙe alƙalami. Ga wurin da karatunku zai amfani gari baki ɗaya.

Matakan shirya koke

Na ɗaya: Ku yi taro. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku sanar da mai unguwa da dagaci tun farko, ku nemi goyon bayansu. A saurari mata da matasa, domin wahalar da suke sha daban ce da ta magidanta.

Na biyu: Ku zaɓi matsala guda ɗaya. Kada ku haɗa kwalbati da taki da rufin makaranta a takarda ɗaya. Kowace matsala da ofishinta. Ku fara da wadda ta fi tsanani.

Na uku: Ku tattara hujja. Yaushe abin ya lalace? Gidaje nawa ya shafa? Wace asara aka yi? Idan akwai mai wayar hannu, ya ɗauki hoto a wanke a haɗa da takardar. Gani ya kori ji.

Na huɗu: Ku faɗi abin da kuke so a yi, dalla-dalla. Idan za ku iya taimakawa da aikin gayya, kamar ɗebo yashi da duwatsu, ku rubuta. Wannan yana ƙara wa koke daraja.

Na biyar: Ku rubuta cikin ladabi. Ban da zagi, ban da habaici, ban da maganar jam'iyya. Kada ku zargi wani da cin kuɗi alhali ba ku da shaida. Ƙarya guda ɗaya tana ɓata takarda duka.

Na shida: Jama'a su sa hannu. Wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa a gefen sunansa. Kada a rubuta sunan wanda bai yarda ba.

Ga samfurin takardar koke

Ƙauyen ...............
Mazaɓar ...............
Ranar ...............

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar ...............
Ta hannun Kansilan Mazaɓar ...............

Ranka ya daɗe,

ROƘON GYARAN KWALBATIN HANYAR KASUWA

Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Mu mutanen ƙauyen ............... muna sanar da kai cewa ruwa ya cinye kwalbatin hanyarmu tun watan ............... Wannan hanya ita kaɗai ce muke bi zuwa kasuwa da asibiti. Abin ya shafi gidaje ............... Mota ba ta shigowa, marasa lafiya suna shan wahala.

Muna roƙo a turo ma'aikatan sashen ayyuka su duba wurin, a kuma gyara shi kafin damina mai zuwa. Mu kuma mun ɗauki alkawarin kawo yashi da duwatsu. Ga hoton wurin mun haɗo da wannan takarda.

Allah ya taimake ka, ya yi maka jagora.

Mu ne naka,
Sunaye da sa hannu

Bayan an rubuta

Ku yi kwafi uku ko huɗu. Ku zaɓi mutum biyu ko uku masu natsuwa su kai takardar sakatariyar ƙaramar hukuma. A miƙa ta a ofishin karɓar wasiƙu. Ku roƙi akawun ya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinku, ya sa hannu. Wannan kwafi mai hatimi shi ne shaidarku. Ku adana shi a leda, kada ruwa ko gara su taɓa shi. Ku bai wa kansila kwafi ɗaya, dagaci ma ɗaya.

Ku lura da lokaci. Shekarar kuɗi ta gwamnati tana farawa a watan Janairu, ta ƙare a Disamba. Kafin ƙarshen shekara ake tsara kasafin kuɗin shekara mai zuwa. Saboda haka babban aiki irin na kwalbati, gara a kai kokensa da wuri, domin a samu sa shi a cikin kasafi.

Bayan mako biyu ko uku, ku koma ku tambayi inda takardar ta kwana. Idan ba a ce komai ba, ku rubuta ta tuni, ku ambaci ranar da kuka kawo ta farko. Sannu ba ta hana zuwa.

Idan aka yi muku shiru

Akwai hanyoyi biyu da doka ta tanada.

Ta farko ita ce Hukumar Sauraren Koke-koken Jama'a. An kafa ta a shekarar 1975, zamanin mulkin Janar Murtala Muhammed. Tana da ofishi a kowace jiha da Abuja. Aikinta shi ne binciken zalunci ko sakaci daga ma'aikatun gwamnati da kamfanoni. Ba a biyan ko kwabo. Amma akwai sharuɗɗa. Sai kun fara kai kuka ga ofishin da abin ya shafa tukuna. A nan kwafinku mai hatimi zai yi rana. Kada ku bari wata 12 su wuce da faruwar abin. Kuma ba ta shiga maganar da ke gaban kotu.

Ta biyu ita ce Dokar 'Yancin Samun Bayanai. Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a watan Mayu na shekarar 2011. Dokar ta ba kowa damar neman bayani daga ofishin gwamnati, ba tare da ya faɗi dalilinsa ba. Misali, kuna iya tambaya: An ware kuɗi domin kwalbatin nan? Nawa ne? Wa aka bai wa kwangilar? Ofishin yana da kwana 7 ya ba da amsa, ko ya rubuta dalilin hanawa. A wasu lokuta yana iya ƙara kwana 7. Kuɗin da za a caje ku bai wuce na yin kwafi ba. Wanda bai iya rubutu ba, dokar ta yarda wani ya nema a madadinsa. Idan aka hana ku, kuna da kwana 30 ku kai ƙara kotu. Sai dai akwai bayanan da dokar ta keɓe, kamar sirrin tsaron ƙasa.

Kammalawa

Jama'a, ba kowane koke ne ake biya nan take ba. Wani sai an yi ta bibiya. Amma ƙauyen da ya rubuta, ya ajiye shaida, ya koma ya tambaya, ya fi ƙauyen da ya tsaya ga gunaguni kusa da samun biyan bukata. Ku gwada ku gani.

Tambayoyi

1. Ƙananan hukumomi nawa ne a Nijeriya?
2. Kawo ayyuka uku na ƙaramar hukuma.
3. Me ya sa koke a rubuce ya fi na baki?
4. Mene ne amfanin hatimi a kan kwafinku?
5. Kwana nawa doka ta ba ofishi ya amsa neman bayani?

Aikin yi

Ku zauna da 'yan ajinku, ku zaɓi matsala ɗaya da ke damun garinku. Kowa ya kwafi samfurin takardar nan a littafinsa, ya cike guraben da aka bari. Ku nuna wa malaminku ya gyara. Wadda ta fi kyau, a karanta wa mai unguwa, a nemi shawararsa kan kai ta gaba.

Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.