Daga askar koyo zuwa aska ta gaske: abin da ya kamata a duba kafin a saya

Yawancin samarin da suka fara aske gemu da kansu, bayan kallon bidiyo a YouTube ko TikTok, da askar koyo suke farawa. Ita ce wadda ake karya reza biyu, a maƙala rabi a bakinta, in ta dakushe a cire a jefar. Tana da araha, kuma ba ta buƙatar washi. Amma da zarar hannu ya faɗa, sai ido ya koma kan aska ta gaske, wadda ƙarfe ɗaya ce tun daga baki har wutsiya, 'yar'uwar wadda wanzami ke ɗauke da ita a zabira.

A nan ne da yawa suke asarar kuɗinsu. Hoton aska mai ƙyalli a shagon intanet ba ya nuna ko za ta yi aski. Wanda zai saya ya sani cewa abubuwa uku zai tanada a tare: askar, fatar goge ta, da hanyar wasa ta idan ta dakushe.

Bambancin da za a fara ji

Bakin reza siriri ne ƙwarai, kuma ba ya yafiya. Kuskure kaɗan, sai jini. Aska ta gaske ta fi nauyi, bakinta ya fi tsawo, kuma idan an wasa ta da kyau ta fi taushi a fata. Nauyinta ne ke yin aikin, ba dannawa ba. Ana kwantar da ita har bayanta ya kusa taɓa fuska, kusurwar kada ta wuce digiri 30. Wanda ya saba da askar koyo ya riga ya koyi wannan riƙon. Abin da ya rage masa shi ne kula da kaifi.

Faɗin aska

Ana auna faɗin aska da kason inci, shi ya sa ake ganin lambobi irin su 5/8, 6/8 da 7/8 a jikin talla. Mai 5/8 faɗinta kusan milimita 16 ne, mai 6/8 kusan 19, mai 7/8 kusan 22. Siririya ta fi sauƙin shiga ƙarƙashin hanci da gyara layin saje. Mai faɗi ta fi nauyi, tana kwashe kumfa da yawa kafin a goge ta, amma juya ta a lungun haɓa sai gwani. Ga mai sayen askarsa ta farko irin wannan, 5/8 ko 6/8 ta wadatar.

Ramin jiki

Idan aka kalli aska ta goshinta, za a ga an rarake gefenta biyu. Wadda aka rarake sosai bakinta siriri ne, tana ɗan lanƙwasa, kuma ana jin ƙararta tana yanke gashi. Wannan ƙarar tana taimaka wa mai koyo ya gane ko kusurwarsa daidai take. Ita ce kuma ta fi sauƙin washi. Wadda aka rarake rabi ko kwata ta fi kauri da tauri, tana ratsa gashi mai ƙarfi ba tare da ta yi rawa ba. Mai gemu mai kauri da murɗewa zai fi jin daɗin mai rabin rami. Akwai kuma wadda kusan ba ta da rami, irin tsofaffin askar birnin Shefil na Ingila. Tana da kyau, amma wasa ta na cin lokaci.

Tsinin baki

Aska mai zagayayyen goshi ita ce ta dace da wanda bai daɗe da farawa ba. Mai goshi a miƙe, wadda ƙarshenta ya yi tsini, tana fitar da layi tsaf, amma ita ce ke tsaga kunne da gefen hanci idan hankali ya ɗan gushe. A bar ta sai aska ta uku.

Irin ƙarfe

Ƙarfe iri biyu ne a kasuwa. Mai yawan sinadarin kabon yana saurin ɗaukar kaifi, amma yana tsatsa. Idan aka bar shi da danshi a banɗaki, musamman da damina, kwana ɗaya ya isa ya yi tabo. Ƙarfen da ba ya saurin tsatsa ya fi jure ruwa, sai dai ya fi wuyar washi. Wanda ya san ba zai iya shanya aska da shafa mata ɗigon mai bayan aski ba, gara ya ɗauki na biyun.

Wa ya ƙera ta?

Garuruwa biyu ne suka yi fice a wannan sana'a a yau: Zolingen a Jamus da Tiyer a Faransa. Kamfanin Dovo, wanda aka kafa a 1906, da Böker suna Zolingen. Thiers-Issard kuma yana Tiyer tun 1884. Dokar Jamus ta kare sunan Zolingen, ba a yarda a buga shi a kan wuƙa ko askar da ba can aka ƙera ta ba. Duk da haka masu jabu suna bugawa. Idan aka ga aska da wannan suna a farashin katin waya, a san akwai lauje cikin naɗi.

Haka nan a yi hattara da masu zane-zanen ado a jikin ƙarfe da mariƙi mai walƙiya, waɗanda ake sayarwa da arha. Da yawansu ba a gasa ƙarfensu yadda zai riƙe kaifi ba, ko an wasa su ba sa aski. Araha ba ta ado.

Tsohuwar aska ta hannu ma zaɓi ce mai kyau. A nemi mai sayarwa ya turo hotuna na kusa, a zuƙo su a waya. Idan akwai tsaga, ko ɓalli a baki, ko tsatsar da ta ci har bakin kaifi, ko bayan askar ya side a gefe guda, a haƙura da ita.

Fata da dutse

Sabuwar aska ba lallai ta zo a shirye don aski ba. Tambayar farko ga mai sayarwa ita ce ko an wasa ta da hannu bayan fitowarta daga masana'anta. Wanda ya fara da aska marar kaifi zai ɗauka shi ne bai iya ba.

Kafin kowane aski ana goga ta a fata kamar sau 40 zuwa 60, a kwance, bayanta na gaba, bakinta na biye. Idan aka juya akasin haka, fatar za ta yanke. A fara da fata mai sauƙin kuɗi, domin kusan kowane mai koyo sai ya yanka ta farko. Da hunturu fata na bushewa, sai a riƙa murza ta da tafin hannu.

Bayan wasu watanni fata ba za ta ƙara isa ba, sai dutse. Duwatsun washi suna da lamba: 1000 na gyara baki, 4000 da 8000 na fitar da kaifi, 12000 na gogewar ƙarshe. Kada a kai aska wurin mai wasa wuƙa da injin gurza, zafinsa na kashe ƙarfen. Wanda bai shirya sayen dutse ba ya fara neman wanda ya iya, ko tsohon wanzami ne a unguwa, kafin ya biya kuɗin aska.

Lafiya tana gaba

Aska ta mutum ɗaya ce. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jiki har kwana 7 ko fiye, kuma ɗigon jinin da ido bai gani ba ya isa ya ɗauke ta. Don haka ba a aron aska, ko tsakanin wa da ƙane. Mai shagon aski kuwa ya tsaya a kan mai reza, sabuwa ga kowane kai.

Masu fama da ƙurajen aski su bi yadda gashi ya kwanta, kada su yi masa gaba da gaba, kuma kada su ja fata da ƙarfi don neman sumul. Gashi mai murɗewa idan an yanke shi ƙasa da fata, ciki yake komawa ya tsiro.

A taƙaice, mai barin askar koyo ya nemi 5/8 ko 6/8, mai zagayayyen goshi, mai cikakken rami ko rabi, daga maƙerin da aka sani, wadda aka riga aka wasa. Ya ware kuɗin fata tun farko. Kada kuma ya jefar da tsohuwar askarsa, domin ranar da sabuwar ta tafi washi, ita ce za ta fitar da shi kunya.