Yadda Ake Nemo Tsarin Aiki Mafi Riba da Solver na Excel

A ce kafinta yana da katako 60 da awa 72 na aiki a mako. Tebur ɗaya yana cin katako 3 da awa 4, ribarsa naira 9,000. Kujera tana cin katako 2 da awa 2, ribarta 5,000. Nawa zai yi na kowanne? Da yawa za su ce ya rungumi tebur tunda ya fi tsoka. Tebur 18 kawai lokacinsa zai isa, ribar ta tsaya a 162,000, katako shida kuma na jingine. Irin wannan matsala ce lissafin miƙaƙƙen tsari yake warwarewa, da dabarar simfileks da George Dantzig ya fito da ita a Amurka a 1947, wadda yanzu take cikin Excel.

Da farko kunna Solver, don a ɓoye yake zuwa: File, Options, Add-ins, danna Go, ka sa alama a Solver Add-in. Zai bayyana a ƙarƙashin Data.

Sai shimfiɗa lissafin. Bar gidajen B2 da C2 fayau, nan adadin tebur da kujera za su fito. A layi na 3 rubuta 9000 da 5000, na 4 katako, 3 da 2, na 5 awoyi, 4 da 2. A D3 rubuta =B3*B$2+C3*C$2, ka jawo shi zuwa D5. A E4 da E5 sa 60 da 72.

Nan ne ainihin aikin, tun kafin a taɓa Solver. Dole kowane ƙarin tebur ya ci katako daidai da na bayansa, ribarsa ma haka. Idan mai saye yana samun ragi in ya ɗauki da yawa, to lissafin ya karkace, wannan hanya ba za ta yi ba.

Buɗe Solver. A Set Objective zaɓi D3, ka danna Max. A By Changing Variable Cells sa B2:C2. Danna Add, ka ce D4:D5 kada su wuce E4:E5. Tabbatar akwai alama a wurin da ke hana adadi ya gaza sifili. Babu mai ƙera tebur ƙasa da babu. Zaɓi Simplex LP, sannan Solve.

Amsa: tebur 12, kujera 12, riba 168,000, ba ragowar katako ko awa.

Kada ka yi saurin rufewa. Zaɓi rahoton Sensitivity, wanda a ganina ya fi amsar kanta amfani. Zai nuna cewa ƙarin awa ɗaya na kawo naira 1,500, ƙarin katako ɗaya kuma 1,000, amma na awa yana tsayawa ne a awa 80. Ke nan in yaran shago sun nemi ƙarin 1,000 a kowace awa bisa ladan da aka saba don aikin dare, akwai riba a ciki.

In amsa ta zo da rabin kujera, ƙara sharaɗin int a kan B2:C2, sai dai wannan rahoto ba zai fito ba. In kuma Solver ya ce bai sami mafita ba, koma kan sharuɗɗanka, akwai waɗanda ke karo da juna. Gidajen adadi irin su B2 da C2 guda 200 ne iyakar Solver ɗin da ke zuwa da Excel.