Kimiyya a Gareji: Yadda Ake Gano Tushen Ƙwanƙwasa a Ƙafar Mota

Gabatarwa

Sau da yawa mai ƙaramar mota yakan ji wata ƙara, gaf-gaf, tana fitowa daga ƙarƙashi duk lokacin da ya hau gargada. Ya je gareji a canja masa shokazoba, ƙarar tana nan. A canja bushin, ba ta daina ba. Kuɗi sun tafi, cuta ba ta warke ba. Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa ɗalibai cewa hanyar binciken da ake koya musu a ɗakin gwaje-gwaje, wato lura da hasashe da gwaji, ita ce ke warware irin wannan matsala.

Abin da ke riƙe da taya

Abin da makanikai ke kira ƙafar mota ya ƙunshi sassa da dama. Akwai sifirin, wanda ke ɗaukar nauyi. Masanin Ingila Robert Hooke ya bayyana a 1678 cewa lanƙwasar sifirin tana ƙaruwa daidai da nauyin da aka ɗora masa. Akwai shokazoba, mai ɗauke da mai, wadda ke hana sifirin ci gaba da lilo. Yawancin ƙananan motoci suna haɗa waɗannan biyu wuri guda a gaba, bisa tsarin da injiniyan Amurka Earle MacPherson ya ƙirƙiro a shekarun 1940. Sai boljoyin, gaɓa ce mai kama da ta kafaɗar mutum. Da tayarod, mai isar da juyin sitiyari ga taya. Da sandar da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama don rage karkata a kwana.

Ƙwanƙwasa tana faruwa ne idan roba ta ci ko gaɓa ta saki, har ƙarfe ya sami sararin bugun ƙarfe. To, me ya sa gano wurin ke da wuya? Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa cikin iska, amma a cikin ƙarfe yakan kai kimanin mita 5,000. Saboda haka ƙarar takan bi jikin mota ta fito a wani wuri dabam, kunne ya ruɗe.

Matakan bincike

Na farko, lura. A gargada ake jin ƙarar, ko a kwana, ko wajen taka birki? Ƙas-ƙas a jere lokacin da aka murɗe sitiyari ana tafiya yakan nuna gaɓar shaf ce, ba ƙafa ba.

Na biyu, kawar da abu mai sauƙi. A fitar da jak da safaya daga but, a girgiza salansa bayan ta huce, a duba notinan taya.

Na uku, a danna kusurwar motar da ƙarfi a saki. Idan ta ci gaba da lilo, ko aka ga mai ya jiƙa shokazoba, to ta gaji.

Na huɗu, a ɗaga motar, a kama tayar sama da ƙasa a jijjiga. Motsi a nan yana nuni ga boljoyin ko boris. A sake kamawa hagu da dama. Motsi a nan kuwa yana nuni ga tayarod.

Na biyar, idan ƙarar tana fitowa lokacin da taya ɗaya ta faɗa rami, amma ta lafa idan tayoyi biyu suka hau tudu tare, sai a zargi ƙaramin rodin da ke haɗa sandar nan da ƙafa. Makaniki yakan kwance shi ya ɗaure sandar, ya gwada motar a hankali. In ƙarar ta ɓace, an kama ɓarawo.

Kammalawa

Ƙa'idar ita ce a canja abu ɗaya tak, sannan a gwada. Wanda ya canja uku a lokaci guda ba zai san wanne ne mai laifi ba. Kada kuma a raina ƙarar, domin boljoyin da ya balle ana gudu yakan sa taya ta kwanta, mota ta ƙwace. Haka nan kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Tambaya ga ɗalibai: me ya sa makaniki ke kafa kan sukundireba a jikin ƙarfe, ya kara kunne a ƙotarsa?